Babi na Huɗu: Idon Kaza da Taɓarya

Ranar wani ɗaurin aure a Tabotaki, bayan an shafa fatiha an raba goro da dabino, mai hoton da aka ɗauko daga Madawa ya zuge jakarsa ya zaro kyamara. A gabanta an ɗaura wani baƙin abu mai kauri, tsawonsa ya wuce taƙi, nauyinsa har yana rinjayar hannun mai shi. Wani ɗan ƙanwata da bai daɗe da dawowa daga cin rani a Abijan ba ya matso kusa da ni, ya juya mini bayan wayarsa.

"Kawu, don Allah dubi nan. Idon kyamarar wayata bai kai na kaza ba, kuma hotonta tangaran. To me ya sa wannan bawan Allah yake wahalar da wuyansa da taɓarya? Ko burga ce kawai, don a ƙara masa kuɗin aiki?"

Na yi dariya, amma tambayar ba ta dariya ba ce. Mutane da yawa sun yi ta a zuci, musamman yanzu da kowa ya zama mai hoto. Akwai ɗan burga a ciki, ba na musu. Sai dai mafi yawan wannan nauyin yana da dalili, kuma dalilin ya samo asali ne daga taurin kan haske.

Haske ba ya son lanƙwasa

Wanda ya taɓa kwana a ɗakin laka ya san yadda rana ke kutsowa ta ƴar ƙaramar kafa da hantsi, ta miƙe zar kamar an ja zare, ƙura na wasa a cikinta. In ɗakin ya yi duhu sosai, kafar kuma ƙarama ce, za ka ga inuwar masu wucewa a bangon da ke kallonta, ƙafafu sama, kai ƙasa. Malam Ibn al-Haisam, mutumin Basra da ya zauna a Alƙahira, ya yi bayanin wannan a littafinsa Kitab al-Manazir shekaru dubu da suka wuce. Wannan ɗakin shi ne kakan kowace kyamara.

Matsalar kafa ita ce rowa. In ta yi ƙanƙanta hoto ya fito, amma da duhu. In ka faɗaɗa ta don haske ya wadata, hoton ya watse ya koma dishi-dishi. Maganin da aka samo shi ne a buɗe kafar, a toshe ta da gilashi mai tumbi a tsakiya. Haske yana karyewa in ya shiga gilashi, kamar yadda ludayi ke zama kamar ya karye in ka tsoma shi a ruwa. Gilashi mai tumbi yana tattaro hasken da ya bazu ya haɗa shi wuri guda, shi ya sa yara ke iya ƙona takarda da tabarau na kakansu.

Da a ce aikin ya tsaya nan, da idon kyamara gilashi guda ne, da wannan babin ya ƙare. An kuwa yi kyamarori masu gilashi guda, irin su Brownie ta kamfanin Kodak, kuma sun ɗauki hotuna miliyoyi. Amma sai da rana, sai an ƙuntata ƙofar haske, kuma kada ka tsananta duba gefen hoton.

Laifuffukan gilashi guda

Laifi na farko na launi ne. Farin haske taron launuka ne, kamar yadda bakan gizo ke nunawa bayan ruwa, kuma Isaac Newton ya tabbatar da haka a Ingila wajen 1666. Gilashi ba ya yi wa launukan adalci: shuɗi ya fi ja lanƙwasuwa, don haka ba sa haɗuwa wuri ɗaya. In ka taɓa ɗaukar hoton dattijo da farin rawani a bakin zaure mai duhu, ka ga wani zare mai launin shunayya ko kore ya zagaye rawanin, wannan laifin ne ka gani.

Na biyu daga siffar gilashin yake. Abin da ya fi sauƙin gogewa shi ne gilashin da bayansa ya yi kamar yankin ƙwallo. Amma hasken da ya bi ta gefen irin wannan gilashi ya fi na tsakiya lanƙwasuwa, sai hoton ya fito kamar an lulluɓe shi da hazo.

Akwai kuma rigimar ƙwarya da faifai. Gilashi guda yana son ya zana hotonsa a kan abu mai zurfi kamar cikin ƙwarya, alhali fim ko sensa, wato ɗan allon da haske ke rubutu a kansa, a shimfiɗe yake kamar faifai. Ka saita tsakiya, gefe ya ɓaci. Ka saita gefe, tsakiya ta ɓaci. A hoton ƴan makaranta da aka jera sahu, waɗanda ke bakin layi su ne ke biyan wannan bashin.

Wani laifin kuma na karkata miƙaƙƙen abu ne. Ka je kwarin Majiya, inda aka fara dasa layukan bedi a 1975 don tare iska, ka tsaya ka ɗauki layi guda da ido mai arha mai faɗin gani. Itatuwan da aka dasa da igiya za su fito sun yi tumbi kamar ganga. Wani masanin lissafi na Jamus, Ludwig von Seidel, ya zauna a shekarun 1850 ya ƙididdige laifuffukan siffa guda biyar, ban da na launi. Har gobe duk mai ƙera idon kyamara da su yake kokawa.

Gilashi ke gyara gilashi

Newton da kansa ya ɗauka laifin launi ba shi da magani. Wani lauya ɗan ƙasarsu, Chester Moor Hall, shi ya nuna akwai, wajen 1733, sannan John Dollond ya yi rajistar dabarar a 1758. Dabarar ita ce a haɗa gilasai biyu da aka dafa da haɗi dabam: ɗaya mai tumbi, ɗaya mai kwarmi wanda aka sa wa dalma. Na farko ya raba launuka, na biyu ya maido su. Kowannensu mai laifi ne, amma laifin ɗaya kishiyar na ɗayan ne.

Mutanen Keita za su gane wannan da sauri. Lokacin da aka fara babban aikin farfaɗo da ƙasa a can a 1984, da kuɗin Italiya da hannun hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ba a tare ruwan da ke gangarowa daga tsauni da katanga guda ba. Ramuka aka haƙa a gangare, aka jera duwatsu a fako, aka yi ƙananan madatsai a ƙorama. Kowane shinge ya ɗan karya ƙarfin ruwa, ya miƙa wa na ƙasa da shi, har ruwan ya iso gona a natse. Haka ake yi wa haske. Maimakon a murɗe shi da ƙarfi sau ɗaya, sai a lallaɓa shi a gilasai da yawa, kowane ya lanƙwasa kaɗan.

Da aka fara sana'ar hoto a Faransa a 1839, idon da ake amfani da shi ƙofarsa ƙarama ce ƙwarai, sai mutum ya yi mintuna a zaune kamar gunki. A 1840 wani malamin lissafi a birnin Biyana, Joseph Petzval, ya ƙera ido mai gilasai huɗu wanda ya ninka na da wajen shan haske fiye da sau 15. Lissafin ya yi yawa har sai da aka ara masa sojojin igwa da suka iya lissafi suka taya shi. A 1893 Dennis Taylor na Ingila ya nuna cewa da gilasai uku kacal, mai kwarmi a tsakanin masu tumbi biyu, ana iya rage dukkan manyan laifuffukan. A 1902 Paul Rudolph na kamfanin Zeiss ya fito da Tessar mai gilasai huɗu, wanda kaifinsa ya sa aka yi masa laƙabi da idon gaggafa.

Garin neman gira

To tunda gilashi ke gyara gilashi, me zai hana a jera ashirin a huta? Magabata sun so haka, amma wani abu ya tare su.

Ka dubi gilashin mota da rana, za ka ga fuskarka. Wannan hasken da ya dawo maka bai shiga ciki ba. Duk inda iska ta haɗu da gilashi, kamar kashi 4 cikin 100 na haske yana komawa baya, kuma kowane gilashi fuska biyu gare shi. In fuskokin sun kai 30, abin da zai tsira bai kai kashi ɗaya cikin uku ba. Da ɓata kawai yake yi da da sauƙi. Yawo yake yi a cikin bututun, yana karo da wannan gilashi yana komawa wancan, daga ƙarshe ya zube a kan hoton kamar an watsa masa toka. Baƙi ya koma toka-toka, launi ya koɗe. Garin neman gira an rasa ido.

Rudolph ɗin nan ya ƙera wani ido mai suna Planar tun 1896, mai gilasai shida, wanda a lissafi ya fi Tessar. Amma fuskokinsa takwas ne da ke taɓa iska, sai ya zauna shekaru da dama bai samu kasuwar kirki ba. Abin da ya cece shi shi ne shafe. A 1935 Alexander Smakula, shi ma a Zeiss, ya samo hanyar shafa wa gilashi wani sinadari siriri fiye da tunani, wanda ke hana haske komawa baya. Daga baya aka iya yin shafe hawa-hawa, har asarar kowace fuska ta koma ƙasa da rabin kashi 1 cikin 100. Wannan ƙyallin kore ko shunayya da kake gani in ka karkata idon kyamara a rana, shafen ne. Ba don shi ba, da babu taɓaryar mai hotonmu.

Lissafin rijiya

Yanzu mu zo kan girma. Masu lambun albasa na Galmi da Madawa sun san cewa hasken da ke kaiwa gindin rijiya ya danganta da abu biyu: zurfinta da faɗin bakinta. Gajeriyar rijiya ko da ƙaramin baki kana hango ruwa. Mai zurfi kuwa, in kana son gindinta ya yi haske haka, sai ka faɗaɗa bakin daidai da zurfin.

A jikin kowane ido akwai lambobi biyu da ke faɗin wannan. Ta farko zurfin ne, da milimita: 24, 50, 200. Ƙaramar lamba tana kwaso fili mai faɗi, babba tana jawo nesa kusa. Ta biyu, mai harafin f, tana nufin sau nawa faɗin baki zai shiga cikin zurfi. Ido mai milimita 50 a f/2 bakinsa milimita 25 ne. A f/1.4 sai ya kai wajen 36, ya sha ninkin haske. Mai milimita 400 a f/2.8, irin wanda ake gani a bakin filin ƙwallo, bakinsa ya haura santimita 14, faɗin murfin kwano. Babu wayon da zai kauce wa wannan lissafi. Gilashi kuma nauyi gare shi: ka ninka faɗinsa ka bar siffarsa yadda take, nauyinsa ya ninka sau takwas.

Abin bai tsaya nan ba, don faɗaɗa baki yana ta da laifuffukan da ke barci. Laifin nan na gefen gilashi, in aka ninka faɗin ƙofa, shi ma kusan sau takwas yake ƙaruwa. Sai a ƙaro gilasai su gyara shi, su ma su zo da nasu ƙananan laifuffukan, a ƙaro masu gyara su. Sannan a ƙera bututu mai ƙarfi da zai riƙe su, da injin da zai iya tura su.

Ga misali da za ka iya ɗorawa a sikeli. Idon kamfanin Canon mai milimita 50 a f/1.8 gilasai 6 ne, giram 160. Ɗan'uwansa na f/1.4 da ya fito a 1993 gilasai 7 ne, giram 290. A 2014 kamfanin Sigma ya fito da nasa, shi ma milimita 50, shi ma f/1.4, amma gilasai 13, giram 815. Zurfi ɗaya, baki ɗaya, nauyi ya kusa ninka uku. Me mai saye ya samu da wannan ƙarin rabin kilo? Ya samu kaifi tun daga tsakiya har kusurwa alhali ƙofa na buɗe gaba ɗaya. Wannan abu ne na gaske ga mai ɗaukar amarya a ɗaki da dare, ko mai buga hoto girman bango.

Amma ga abin da masu talla ba sa son faɗa. Ka ƙuntata ƙofar idanun nan uku zuwa f/8, hasken ya bi ta tsakiyar gilashi kawai, bambancin ya kusa ɓacewa. A ƙasar Adar kuwa, inda rana ke faɗuwa a kan mutum kamar bashi, mai ɗaukar hoto a fili dole ma ya ƙuntata ƙofar. A ganina, mai hoton da yawancin aikinsa taron suna ne da hoton katin ɗan ƙasa, in ya zuba jarinsa a kan mai gilasai 13, ya sayi wahalar wuya ne kawai.

Akwai wani girman da jikin kyamara ke jawowa. Kyamarorin da aka saba gani suna da madubi tsakanin ido da fim, mai ɗagawa duk lokacin da aka danna, kuma yana cin fili fiye da milimita 40. To ina za a sa ido mai zurfin milimita 24? Pierre Angénieux na Faransa ya warware wannan a 1950, ya sa babban gilashi mai kwarmi a gaba don a iya nesanta sauran daga fim. Shi ya sa idanu masu faɗin gani ke da goshi kamar tulu. Sababbin kyamarori marasa madubi sun rage wannan tazarar zuwa milimita 20 ko ƙasa, sai dai sau da yawa masu ƙira sun cike filin da suka samu da ƙarin gilasai.

Taɓaryar mai hotonmu kuwa zum ce, wato ido mai sauya zurfi. Irinsa na farko ga kyamarar hannu mai fim ɗin milimita 35 ya fito a 1959. A cikin zum, rukunonin gilasai ne ke zamewa gaba da baya, kuma dole gyaran ya yi daidai a kowane matsayi, kamar telan da aka ce ya ɗinka riga guda da za ta zauna wa yaro da ubansa. Wani na Canon mai milimita 70 zuwa 200 a f/2.8 gilasai 23 ne, kusan kilo ɗaya da rabi. Da shi mai hoto zai tsaya a bakin taro ya ciro fuskar liman ba tare da ya tsallake kan kowa ba.

To wayar fa?

Waya ba ta karya lissafin rijiya ba, ƙaramar rijiya ta haƙa. Sensar babbar kyamara milimita 36 ce da 24. Ta yawancin wayoyi ba ta kai farcen ɗan yatsa ba. Ƙaramin allo ƙaramin zurfi yake so, milimita 4 zuwa 6, don haka ko a f/1.8 bakin wajen milimita 2 ko 3 ne kawai.

Kuma kada idon kazar nan ya ruɗe ka, ba gilashi guda ba ne. A cikinsa akwai biyar, shida, bakwai ko fiye, an jera su kamar faya-fayai, kuma galibi na roba ne. Roba ana zuba ta a mazubi, don haka ana iya ba ta siffa mai lanƙwashe-lanƙwashe wadda goge gilashi zuwa irinta sai an sha tsada. Ɗaya mai irin wannan siffa yakan yi aikin biyu ko uku. Kamfanoni irin su Largan na Taiwan suna zuba su da miliyoyi.

Abin da roba ta kasa, kwamfutar cikin waya ta ƙarasa. Ita ke miƙe layin da ya karkace, ta haskaka kusurwar da ta yi duhu, ta ɗauki hotuna da yawa cikin ƙiftawar ido ta haɗa su guda. Kamfanin Transsion na ƙasar Sin, mai Tecno da Itel da Infinix da suka cika kasuwanninmu, ya ci kasuwar Afirka da abubuwa da dama, ciki har da saita kyamara don ta fito da baƙar fata da kyau. Zum kuwa ba shi da wurin zamewa a cikin abu mai kaurin biskit, shi ya sa ake jera idanu biyu ko uku a baya, kowane da zurfinsa. Wasu, irin Huawei P30 Pro ta 2019, sun kwantar da gilasan a tsawon wayar, aka sa ɗan gilashi mai kusurwa yana karkato musu haske. A ƙananan wayoyi kuwa, sau da yawa ido ɗaya ne ke aikin, sauran ƴan rakiya ne.

Inda asirin waya ke tonuwa shi ne duhu da nisa. Baki mai milimita 3 ba zai kwashi hasken da mai milimita 36 zai kwasa ba, kamar yadda moɗa ba za ta tari ruwan saman da baho zai tara ba. Ka je filin kokowa a Tawa ka zauna can sama, ka ja hoton da yatsu biyu. Ba ka jawo ɗan kokowa kusa ba, yankan tsakiyar hoton ka yi ka buɗa shi, shi ya sa fuskarsa ke fitowa kamar an zana da gawayi. Dishi-dishin bayan mutum da waya ke yi ma kwaikwayo ne na kwamfuta. Duba bakin ɗankwali ko kunnen hula, za ka ga inda almakashinta ya kauce.

Ƙura, zafi da kabu-kabu

Waɗanda suka ƙera idanun nan ba su san hunturun Buza ba. Zum da ke tsawo yana gajarcewa kamar zuga-zugin maƙeri yake, duk motsi yana shaƙar iska, iskar kuma da ƙurarta take shiga. Gilasai 23 kuwa dole su zauna a kan layi guda, da daidaiton da ya fi silin gashi siranta. Faɗuwa ɗaya daga kan kabu-kabu a hanyar duwatsu ta isa ta kautar da guda, sai gefe ɗaya na kowane hoto ya riƙa fitowa dishi-dishi, mai gyara kuma sai an kai babban birni. Ido mai gilasai shida ya fi jure wannan rayuwa, in ya mutu ma zafin aljihu kaɗan ne. In dambu ya yi yawa ba ya jin mai.

Nakan tuna da Seydou Keïta na Bamako, wanda sunansa ya yi daidai da na garin maƙwabtanmu. Ya buɗe shagon hoto a 1948, yana ɗauka galibi da hasken rana, a kan fim mai santimita 13 da 18. Kyamarorin wancan zamani irin tasa yawanci gilasai uku ko huɗu ne a idonsu. Yau hotunansa suna rataye a manyan gidajen tarihi na duniya, kana iya ƙirga zaren leshin matan da ya ɗauka. Hannunsa da idonsa sun yi rabin aikin, sauran rabin kuma faɗin fim ɗin ne, don babban allo ba ya buƙatar a buɗa hotonsa da yawa balle laifin gilashi ya bayyana.

Da na kai nan, ɗan ƙanwata ya goge idon wayarsa da bakin riga, wanda maiƙon yatsa ya daɗe da rufe shi, ya ɗaga ya ɗauki ango. Sannan ya ce, "To Kawu, a kwalin wayar nan an rubuta megafiksel 108, ta mai hoton kuwa ya ce mini 24 ce. Wa ya fi wani ke nan?" Wannan ba maganar ido ba ce kuma, maganar allon da ke bayansa ce, kuma shi za mu buɗe a babi na gaba.